Wanda Ban Rubuta Ba a Rugar Dungu

Duk wanda ya ce mini ya karanta ilimin zamantakewa a jami'a, tambaya ɗaya nake yi masa: an taɓa korarka daga ƙofar gidan mutane kana riƙe da takarda? In ya ce a'a, sai in ce to da sauranka. 'Ya'yana sun gaji da wannan magana, da na ɗauko ta sai su haɗa ido su ce Baba ya fara. To yau daga tushe zan ɗauko ta, wanda ya gaji ya tashi.

Ba zan tsaya ba ku labarin yadda na bar Gusau ba. Abin da ya kamata ku sani shi ne Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, ɗan kasuwar goro ne da ya san ƙasar Gana kamar yunwar cikinsa. Shi ya samo mini gurbi a wata jami'a ta kudancin ƙasar bayan na nema a gida sau biyu ban samu ba, kuma shi ke ɗauke da ni. Na yi shekara biyu lafiya lau. Ina cikin ta uku, ta ƙarshe, sai duniya ta juya baya. Ƙasarmu ta kori mutanen Gana suka dawo gida tirela bayan tirela, fari ya zo, gobara ta bi gonaki ta lashe, cinikin Kawu ya karye. Wasiƙarsa ta zo gajeriya: "Lawal, bana ce ta ƙarshe. Ka gama ka dawo. In ma ba ka gama ba ka dawo, ƙarfina ya ƙare." Can ƙasa ya ƙara layi ɗaya kamar yadda ya saba: "Uwarka ta ce a gaida wancan." Ni ne wancan. Ni ne ɗan farinta, tun da ta haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

Abin da ya rage tsakanina da digiri shi ne kundin bincike. Malaminmu, Dokta Ofori, wani siririn mutum ne da ba ya dariya sai ɗalibi ya faɗi jarrabawa. Ya kira ni ofis ya ƙirgo mini takardun tambayoyi guda sittin, kowace falle ɗaya. A gaba za a rubuta sunan mai gida da sunayen duk masu ci daga tukunya ɗaya, a baya kuma tambayoyi ne kan shanu da nono da aure da ƙaura. Takarda ta yi wuya a ƙasar a lokacin, har jarrabawa a bayan tsofaffin takardu muke rubutawa. Kowace sai da ya buga mata hatimin sashe da hannunsa.

"Gida sittin, mako shida," in ji shi. "Ba na karɓar kwafi. Na san ku. Ɗalibi ya zauna gindin mangwaro ya haifi mutum sittin da matansu da 'ya'yansu ya kawo mini. Waɗannan ɗin nake so su dawo, da dauɗar hannun ƙauye a jikinsu. Babu su, babu digiri."

Ni na zaɓi makiyaya da masu tallar nono na bayan garin Tamale. Dalilina kuwa ba na ilimi ba ne. An ce mini can kowa na jin Hausa, na ce a raina ai banza ta faɗi, kwana goma na gama na dawo ina shan iska.

Daga Kumasi na hau wata tsohuwar motar katako. Muna isa Kintampo mai ya ƙare, direba ya ce kowa ya nemi inuwa. Kwana biyu muka yi a bakin titi. Ni ba na iya zama wuri ɗaya, tun ina yaro haka nake. In je wajen direba in tambaya, in dawo in buɗe jaka in ƙirga takardu, in sake komawa, har yaran mota suka fara kwaikwayon tafiyata. Kusa da ni akwai wata mata mai katuwar jakar leda irin wadda korarru suka dawo da ita. Ta ji ina mita da Hausa, ta juyo.

"Kai ɗan ina ne?"

Hankali ya ce in ce Nijar. Baki ya ce, "Gusau."

Ta dube ni tun daga hula har takalmi. "Shekara tara ina soya doya a Sabon Garin Kano. Mako biyu kuka ba ni." Ta juya mini ƙeya. Rana ta biyu, guzurina ya ƙare, cikina yana kiran ciroma har ana ji. Sai na ji an ɗora mini abu a gwiwa. Rabin dokunu ne, wannan tuwon masara mai tsami da suke naɗewa a ganye. Ko kallona ba ta yi ba.

"Ci. Ba kai ka sa hannu ba. Amma kar ka yi mini magana."

Na ci, kunya da yaji suna sa ni hawaye, ban kuma yi mata magana ba har muka shiga Tamale.

A unguwar Moshi Zongo na sauka, gidan Baba Seidu, tsohon mai masaukin Kawu tun zamanin da goro ke tafiya. Dattijo ne dogo mai gemu kaɗan a haɓa, yana zaune kan benci yana gyaran ƙafar keke. Ya karanta wasiƙar Kawu ya ninke.

"Kawunka mutum na ne. Ɗaki yana nan. Ruwa babu, abinci sai Allah. Mata na ya tafi kasuwa, in ya dawo zai duba ka."

Ni da rashin ta-ido na yi dariya, na ce, "Baba, ai 'ta tafi' ake cewa."

Ya ajiye sifana a hankali. "Yaro, a nan Hausa ba gadon gidanku ba ne, na kowa ne. Ka ji abin da na faɗa ko ba ka ji ba?"

Na ce na ji. Daga ranar na kama bakina kan wannan, ko da yake a kan sauran abubuwa ban kama ba.

Rugar da aka nuna mini tana bayan ƙauyen Dungu, tafiyar sa'a ɗaya da rabi a ƙafa, ga zafin bazara irin na Tamale da ke sa kwalta ta kama takalmi. Na isa da fensir a bayan kunne, na yi sallama da murya irin ta ma'aikaci, na zauna, na ce wa wani dattijo, "Baffa, shanunka nawa?" Ya dube ni, ya dubi sama, ya ce rana ta yi, ya ɗauki sandarsa ya tafi. Na biyu ya ce bai ji Hausa ba, da Hausa kuma ya faɗa. Na uku ya sa aka kawo mini ruwa, ya jira na sha, ya raka ni har bakin hanya.

Sai daga baya Baba Seidu ya warware mini. Yawancin shanun ba nasu ba ne. Na mutanen gari ne, Dagomba da ma'aikata da 'yan kasuwa, makiyayi kuma nono ne ladan kiwonsa. Ga shi lokacin gwamnati na kiran masu hali tana tambayarsu ina suka samu. To wane mahaukaci ne zai ƙirga wa baƙo mai takarda dukiyar wani? Na ce wannan ba ya cikin littafinmu. Ya ce to in koma in tambayi littafin.

Mako biyu ina zarya, takarda ko ɗaya ba ta cika ba. Na rame, wuyan rigata ya yi mini yawa. Abinci sau ɗaya ne a gidan, tuwo da miya mai ruwa-ruwa, matar Baba Seidu tana raba shi da ido kamar magani. In na kwanta sai in ga tsakar gidanmu, in ji ƙamshin daddawar mahaifiyata, sai in tashi in fita in zaga unguwa ba inda za ni. Wallahi na yi kewar gida har na ji haushin Kawu da ya kawo ni.

A wannan hali wani ya same ni a tasha, sanye da taye a cikin wannan zafi, ya ce sunansa Ticha Mumuni, ya taɓa yi wa Turawa irin wannan aiki. Ya ce in ba shi agogona ya riƙe, gobe zai kawo mini Fulani har gida. Ya kuwa kawo. Mutum biyar suka zo da safe na rubuta, wasu biyar suka zo da hantsi. Ina cikin rubuta na takwas na ɗaga kai, na ga tabo a goshinsa irin na mutum na biyu. Na dubi ƙafarsa, takalmin ma shi ne. Riguna kawai suke musanyawa a bayan katanga! Kafin in miƙe, Ticha da taye da agogona sun bi iska. Allah ya taimake ni da fensir nake rubutu. Na wuni ina gogewa ina zagin kaina, Baba Seidu yana kan bencinsa yana dariya har da tari.

Mutum ɗaya ce ba ta guje ni ba, Inna Hajjo. Tana cikin matan rugar da ke kawo nono gindin wata darbejiya a unguwar Tishigu. Tsohuwa ce mai tsagen baki, mijinta ya rasu, ɗanta Jibo ke kiwo. Ƙwaryarta ta taɓa tsagewa an ɗinke da zare baƙi, daga nesa nake gane ta. Shanu ba su da ciyawa, nonon rabinsa ruwa ne, ita ma ba ta ɓoyewa. Amma duk ranar da na zube a gindin bishiyar nan, sai ta cika ludayi ta miƙo.

"Ɗan takarda, sha. Uwarka ba ta san haka ka koma ba."

In na ciro takarda kuwa sai ta ce in mayar, kar iska ta kwashe.

Ranar da na cika kwana ashirin, ina zaune a wurin, wata matashiya cikinsu mai suna Ladi ta matso ta rage murya.

"Malam, an ce Turawa sun aiko da masara, za a rubuta gida-gida a raba. Wannan rubutun naka na masarar ne?"

Matan duk suka juyo. Inna Hajjo ma ta tsaya da ludayi a hannu tana kallona. Na dubi jakata, na tuna wasiƙar Kawu, na tuna fuskar Dokta Ofori. Na buɗe baki na ce, "Allah dai ya kawo mana sauƙi."

Suka ce amin.

Ban ce e ba. Shekara da shekaru ina gaya wa kaina ban ce e ba. Amma ban ce a'a ba, kuma na san shiru ma magana ce. Na san abin da nake yi, kar wani ya wanke ni.

Washegari da na isa ruga, tabarma aka shimfiɗa mini a inuwa. Mutanen da suka ce ba su jin Hausa sun warke. Har daga wasu rugage aka zo. Yawanci mata ne, don maza suna daji da shanu. In tambayi gaba su amsa, in juya baya su amsa, har shanun ma wasu suka ƙirga mini. Fensir ya gajarce har ina riƙe shi da kan yatsu. Ina rubutu ina jin daɗi, wannan ma ba zan ɓoye ba.

Rana ta huɗu na zo kan Inna Hajjo, a ƙofar bukkarta. Na ce, "Inna, su wa ke ci daga tukunyarki?" Ta lissafo kanta, da Jibo, da matar Jibo, da yara uku. Ina rubutawa na hango wani mutum kwance bayan bukka ƙarƙashin zana, ƙafafunsa sun zama sanduna, yana tari ƙasa-ƙasa.

"Wancan fa?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin ƙwarya. "Wancan yana nan."

"Baƙo ne?"

Ta ƙara sunkuyar da kai. Mutane na jira a bayana, rana na yi, saura takarda huɗu in gama. Na rubuta shida na ja layi na wuce.

Sittin cif. Na naɗe su a leda na sa a ƙasan jaka, na ce Tamale sai wata rana. Sai dai mota babu. Kwana takwas ina safa da marwa tsakanin gida da tasha, kuma na daina bi ta gindin darbejiya, ina zagayawa ta bayan masallaci. A ƙarshe Baba Seidu ya samo mini wuri a bayan wata motar doya da za ta tashi ranar Alhamis kafin azahar.

Ranar Alhamis da hantsi ina ɗaure kaya, ya shigo tsakar gida bai yi sallama ba. Ban taɓa jin ya kira sunana ba sai ranar.

"Lawal. Ka rubuta Fulani na Dungu?"

"Na rubuta, Baba."

"Na masara?"

Na sunkuyar da kai ina ƙulla igiyar kaya.

"Kwana uku Madam Comfort yana zaune a makarantar Tishigu yana rubuta mutane, na masara na gaskiya. Dagomba ya je, Moshi ya je, kowa ya je. Fulani ko ɗaya bai je ba. Sun ce baƙon Baba Seidu ya rubuta su tuntuni. Jiya aka rufe littafi."

Na ce, "Baba, ni fa ban ce musu..."

"Rufe mini baki!" Ya nuna ni da yatsa. "Kai baƙo raɓa ne, anjima ka hau mota. Ni zan zauna da su. Shekara talatin suna kawo nono ƙofar nan."

Zan so in ce muku nan take na ruga makarantar. Ƙarya ne. Jakunkunana biyu na ɗauka na tafi tasha. Na jefa ta kaya a mota, na haye kan doya na rungume ta takardu, ina ce wa kaina ai ba ni na kawo yunwa ba, ba ni na rufe littafi ba, kuma in na zauna ma me zan iya? Na zauna, na tashi, na koma ɗaya gefen, na sake zama. Gumi ya jiƙa ni sharkaf. Sai na hango mata sun jero a bakin titi sun nufi Tishigu da sauri, ba irin tafiyar masu talla ba. A kan ta gaba akwai ƙwarya mai ɗinkin baƙin zare.

Ban san lokacin da na diro ba.

Madam Comfort malamar firamare ce, 'yar kudu, Kirista, gajeriya, rigarta ta nuna da can tana da jiki. Tabaronta da zare aka ɗaure ƙafarsa ɗaya. Na same ta a baranda zaune bayan tebur, ta dafe wani babban littafi da hannu biyu, matan ruga sun kewaye ta. Da Hausar kasuwa take yi musu bayani.

"Ni ba na ƙi ku ba. Littafi ya cika, ga shi, har bango na rubuta. Motar ofis yana zuwa da azahar ya ɗauka. Ina da biro, ba ni da takarda. Ofis kuma ba ya karɓa suna a takardar siminti."

Matan suka gan ni, suka buɗe mini hanya ba wadda ta ce komai. Gara ma da sun zage ni. Inna Hajjo ta sauke ƙwaryarta ta ajiye a ƙasa.

"Ɗan takarda, ka rubuta mu ko ba ka rubuta mu ba?"

"Na rubuta ku, Inna. Amma ba na masara ba ne. Na makaranta ne."

"Da Ladi ta tambaye ka fa?"

"Ban gaya mata gaskiya ba."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Da bakin nan ka sha nonona."

Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma har yau ban ji zagin da ya kai shi ba.

Madam ta miƙo hannu. "Kawo in gani." Na kwance leda na ba ta ɗaya. Ta ɗaga tabarau, ta duba gaba, ta shafa hatimin da yatsa.

"Wannan yana da suna, yana da mutum nawa a gida, yana da hatimi na jami'a. Wannan ofis zai karɓa. Amma in ya shiga ofis ba ya fitowa."

Na ce ta ba ni kwana ɗaya in kwafe. Ta ce a kan me zan kwafe, tafin hannuna? Ko da na kwafe ma, na san wanda ke jirana a kudu ba ya karɓar kwafi. Na ce, "Madam, digirina ne wannan. Shekara uku."

Ta mayar mini da takardar. "To ka ci digiri. Ni ban kira ka ba, kai ka zo."

Raina ya ɓaci, na ji kamar in kife teburin. Haushinta nake ji, da na Dokta, da na Kawu, da na duk wanda ya ƙirƙiro ilimin zamantakewa. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na ciro sauran hamsin da tara na haɗa da ta hannuna na dangwara mata a gaba da ƙarfi, don kar hannuna ya canza shawara.

Ta fara buɗawa ɗaya bayan ɗaya tana bin sunaye da bakin biro. Ta yi biyar ko shida sai ta tsaya, ta dube ni ta saman tabarau.

"Mata ka tambaya, ko?"

"Yawancinsu."

"Ka sa yaro na farko?"

Ban gane ba. Ta buga biro a tebur.

"Shekara goma sha biyu ina sayen nono wajen su. Mace ba ya faɗa sunan yaro na farko, ko ka yanka shi. In ka ce ya lissafa gida, zai tsallake. Ku a Najeriya ba ku da wannan?"

Jama'a, ƙasa ba ta tsage ba, amma na roƙa. Ni Lawal, da sunan ma ya faɗi matsayina, ni da ake aiko wa gaisuwa da "wancan" daga Gusau har Gana, sai ga 'yar kudu mai zuwa coci tana koya mini kunyar ɗan fari. Na san abin tun kafin in san baƙi da fari. Takarda ce ba ta da gurbinsa, ni kuma da na riƙe ta sai na manta daga gidan da na fito.

Na ce, "Muna da shi, Madam." Muryata ko ni ban ji ta sosai ba.

"To zauna. Azahar yana zuwa."

Na zauna a ƙasa na ciro guntun fensir. Madam ta kira sunan gida, mai gidan ta kau da kai, maƙwabciyarta ta faɗi sunan da aka tsallake, ni in rubuta in gyara lissafi. Ba kowane gida ba ne, wasu 'ya'yan farin sun yi aure, wasu suna wajen kakanni. Amma gida bayan gida sai ga baki ɗaya da na bari a waje, har da yara ƙanana. Muna tsaka da haka na ji hon ɗin motar doya ta wuce ta babban titi. Jakar kayana ta tafi Kumasi ba ni, har yau ba mu sake haɗuwa ba.

Da muka zo kan takardar Inna Hajjo, ban jira Madam ba. Na dubi Ladi na ce, "Wanda ke kwance bayan bukka."

Inna Hajjo ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya tana kallon bango.

"Buba," in ji Ladi. "Yana Legas yana gadi, aka koro su. Tun da ya dawo bai tashi ba."

Na rubuta Buba. Na goge shida na sa bakwai. Bakwai ɗin ta karkace, Madam ta bi ta da biro ta gyara.

Motar ofis ta zo ana kiran salla. Wani mai gajeren wando ya karɓi littafi, ya karɓi takarduna sittin ya cusa a ƙarƙashin hammata kamar ba komai ba, ya shiga mota. Na tsaya ina kallo har suka sha kwana.

Bari in gama da zancen digiri, don na san shi kuke jira. Na koma kudu hannu rabbana. Dokta Ofori ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba, ya cire tabarau ya goge, ya ce labari ne mai kyau amma ba kundi ba ne, in dawo baɗi in sake. Baɗin ba ta zo ba. Kawu ya riga ya faɗi magana, kuma ba ƙarya ya yi ba, ƙarfinsa ya ƙare. Na dawo Gusau na kama koyarwa a firamare, a nan na tsufa. In na ce ban taɓa yin da-na-sani ba na yi ƙarya. Duk lokacin da na ga wani ɗan ajinmu a babbar mota sai na ji abin ya motsa.

Amma kafin in bar Tamale sai da na ƙara kwana goma sha ɗaya ina jiran wata motar, da riga ɗaya a jikina. Baba Seidu ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata. Rana ta uku ya jefo mini wata tsohuwar rigarsa ta ƙofa, ya ce in sa, ina ba gidansa kunya. Rana ta tara aka raba masara, rawaya, mai ƙanshin buhu. Ban je ba. Ban ga da wace fuska zan tsaya a wurin ba.

Ranar tafiyata hanyar tasha ta bi da ni Tishigu. Na yi niyyar zagayawa ta bayan masallaci kamar kullum, sai ƙafa ta ƙi. Na sunkuyar da kai zan wuce darbejiya da sauri.

"Ɗan takarda."

Na tsaya. Na dawo na durƙusa a gabanta, na ce, "Inna, ina wuni." Ba ta dube ni ba. Ta buɗe faifai, ta cika ludayi ta miƙo. Nonon ya fi na kullum ruwa. Na karɓa da hannu biyu na sha.

Tana gyara zaren ɗinkin ƙwaryarta da farce, ta yi magana kamar da ƙwaryar take yi.

"Wancan ya tashi zaune jiya. Ya sha kunu, ludayi uku."

Ban tambaye ta wane ne wancan ba.